Hoton Bayan Ido da Likita Daga Nesa: Matsayinsu Wajen Gano Hawan Jinin Ido a Arewacin Nijeriya

Tsakure

Takardar nan ta yi nazarin wata hanya da ke ta samun karɓuwa a fagen lafiyar ido: a ɗauki hoton bayan idon mutum a ƙaramin asibitin garinsu, a tura wa likitan ido da ke birni ta intanet, shi kuma ya duba ya faɗi ko akwai alamar gilakoma, cutar da jama'a suka fi sani da hawan jinin ido. An waiwayi binciken da aka yi a Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Amurka. Matsayin takardar shi ne, hanyar tana da amfani idan aka nufe ta ga mutanen da cutar ta fi yi wa barazana, aka kuma tanadi inda za a yi musu magani tun kafin a ɗauki hoton farko. In babu wannan tanadi, cunkoso kawai za a ƙara wa asibitoci, a ƙara wa talaka fargaba.

1.0 Gabatarwa



Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya duba idanun mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. An samu kashi 4.2 cikin 100 makafi ne. Yankin Arewa maso Gabas ne ke kan gaba da kashi 6.1, Kudu maso Yamma kuma kashi 2.8. Yanar ido ce ta fi makantarwa, da kashi 43 cikin 100 na makafin, sai gilakoma ta biyo da kashi 16.7. Amma tsakanin cututtukan biyu akwai rata mai faɗi. Mai yanar ido ana yi masa aiki yau, gobe a cire bandeji ya ga jikokinsa. Abin da gilakoma ta ci kuwa ya tafi ke nan.

Da Fatima Kyari da abokan aikinta suka sake tace alƙaluman wannan bincike, suka buga a 2015, sun nuna cewa kusan mutum 5 cikin kowane 100 masu wannan shekaru suna ɗauke da cutar. Ɗaya cikin biyar na masu cutar ya riga ya makance. Waɗanda suka san suna da ita ba su kai kashi 6 cikin 100 ba. Wannan adadi na ƙarshe shi ya haifar da takardar nan, domin cutar da mutum 94 cikin 100 ba su san suna da ita ba, ba a zauna a ofis ana jiran masu ita su zo.

2.0 Dalilin ɓoyuwar cutar

A cikin ido akwai wani ruwa garai-garai da ake samarwa kullum, yana kuma tsiyayewa ta wata 'yar matata a kusurwar da ke tsakanin baƙin ido da tantanin gabansa. Idan matatar ta cushe, matsi ya hau, sai zaruruwan jijiyar gani, waɗanda yawansu ya haura miliyan ɗaya, su riƙa mutuwa a hankali. Matsin wannan ruwa dabam yake da hawan jinin da ake aunawa a dantse. Nau'in da ya fi yawa a Nijeriya, kusan kashi 86 cikin 100, ba ya ciwo, ba ya ja, ba ya hawaye. Gani yana raguwa ne daga gefe, ɗaya idon yana cike wa ɗaya giɓi, mutum yana karatun Alƙur'aninsa yana ƙirga kuɗinsa lafiya lau. Aikinta irin na gara ne a jikin azara: sai rufi ya rufta ake sanin an ci.

Shi ya sa marasa lafiya ke zuwa a makare. Binciken Mohammed Abdull da abokansa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, wanda shi ma aka buga a 2015, ya nuna fiye da rabin idanun sababbin marasa lafiyar da suka zo sun riga sun makance tun ranar farko. Duk likitan ido da ya yi aiki a Kano ko Kaduna ko Sakkwato ya san wannan hoto: dattijo ya shigo ɗansa na riƙe da sandarsa, yana roƙon a wanke masa ido kamar yadda aka yi wa maƙwabcinsa.

3.0 Abin da na'ura ke gani, da abin da ba ta gani

An daɗe ana zaton auna matsin ido ya wadatar. Ma'aunin da aka saba ɗauka a matsayin lafiya shi ne 10 zuwa 21 na milimitar zaiba. Binciken ido na birnin Baltimo a Amurka ya rushe wannan zato a 1991, da ya nuna fiye da rabin idanun da ke da gilakoma matsinsu bai haura iyakar ba a awon farko. Akwai kuma ƙarin matsala a gare mu: tantanin gaban idon baƙar fata ya fi na Turawa siranta a bisa galibi, kuma siririn tantani yana sa ma'auni ya nuna ƙasa da gaskiyar matsin. Saboda haka wanda ya fita gangamin duba ido da ma'aunin matsi kaɗai, zai sallami masu cuta da yawa da albishir ɗin ƙarya.

Hoton bayan ido ya fi wannan, domin yana nuna ɓarnar kanta. A inda jijiyar gani ta shiga ido akwai wani faifai mai kwarmi a tsakiyarsa. Yayin da zaruruwa ke mutuwa, kwarmin yana faɗaɗa, bakin faifan yana sirancewa, wani lokaci a ga ɗan ɗigon jini a gefensa. A binciken Nijeriya, idan tsayin kwarmi ya kai 0.7 na tsayin faifai, an shiga sahun abin tuhuma. Kyamarorin yau ba sa buƙatar a ɗiga maganin buɗe ido a kowane lokaci, wasu ana riƙe su a hannu, wasu ma madubi ne da ake maƙalawa a wayar salula. Kamfanin Peek, wanda likita Andrew Bastawrous ya assasa, ya gwada irin wannan madubi a yankin Nakuru na Kenya, sakamakon da aka buga a 2016 kuma ya nuna hoton da wanda ba likita ba ya ɗauka da waya yana iya kusantar na babbar kyamarar asibiti wajen auna kwarmi.

Sai dai faifan jijiyar 'yan Afirka ya fi girma a halitta, babban faifai kuwa da babban kwarmi yake zuwa ko da ido lafiyarsa ƙalau. Mai duba hoto da bai saba da idanunmu ba zai yi ta tuhumar masu lafiya.

Na'urar OCT, wadda David Huang da James Fujimoto da abokansu suka bayyana a 1991, tana auna kaurin zaruruwan da haske, ta fitar da sakamako da launuka: kore lafiya, ja matsala. Kayan aiki ne mai kyau ƙwarai, amma tana da tsada, tana son wuta tsayayya da ɗaki marar ƙura, abubuwa biyun da ba a cika samu a asibitin karkara ba, balle a lokacin hunturu. Sannan launukan nan suna fitowa ne daga kwatanta idon mutum da na wasu 'yan ɗaruruwan mutane da kamfani ya auna, akasarinsu ba baƙar fata ba. A ganina wurin OCT shi ne asibitin da ake tura marasa lafiya, inda za a haɗa ta da gwajin faɗin gani a tabbatar da cuta.

4.0 Abin da aka gani a wasu wurare

Dalilin neman likita daga nesa a fili yake. Wani ƙiyasi da Serge Resnikoff da abokansa suka yi ya nuna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suna da likitan ido 3.7 ga kowane mutum miliyan ɗaya, masu arziki kuma 76. 'Yan kaɗan ɗin da muke da su ma a manyan birane suke. Tunda likita ba zai iya zagaya kowace ƙaramar hukuma ba, sai hoto ya je masa.

An gwada hakan a Muranga ta Kenya, tare da haɗin gwiwar masana daga Jami'ar Albata ta Kanada. Dan Kiage da abokansa sun duba masu ciwon suga kimanin 300, kowanne likita ya gan shi ido da ido, sannan aka tura hotunansa wani ya duba daga nesa. Sakamakon da aka buga a 2013 ya kamata ya sanyaya gwiwar mai zumuɗi. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hotunan ba su karantu ba, saboda yanar ido da ta tare haske ko kuma rashin ƙwarewar mai ɗauka. A cikin waɗanda suka karantu, mai duba daga nesa ya wanke masu lafiya da kyau, kusan kashi 90 cikin 100, amma masu cutar da ya kamo ba su kai rabi ba.

A Filadalfiya ta Amurka, Asibitin Ido na Wills ya kai kyamara ƙananan asibitocin unguwannin marasa ƙarfi, aka ɗauki hoton mutum 906 da aka zaɓa saboda suna cikin haɗari: baƙaƙen fata, masu ciwon suga, masu tarihin cutar a dangi. Can ma, duk da wuta da kayan aiki, kusan kashi 17 cikin 100 na hotunan ba su karantu ba. Abin lura shi ne masu binciken ba su jefar da waɗannan mutane ba, sun kira su a duba su, aka kuma samu cututtukan ido a jikin da yawansu. Darasin yana da muhimmanci gare mu: hoton da ya ƙi fita, shi kansa dalili ne na tura mutum ga likita.

Ya kamata a faɗa kuma cewa har yanzu kwamitin da ke ba gwamnatin Amurka shawara kan rigakafi bai amince da tantance dukkan manya don gano gilakoma ba. A 2022 ya ce hujjar da ke ƙasa ba ta isa a yanke hukunci ba. Kwamitin tantancewa na Birtaniya shi ma bai ba da shawarar yin hakan ba. Wasu na kafa hujja da wannan su ce mu ma mu haƙura. Ban yarda ba. A waɗancan ƙasashe mutum yana zuwa shagon tabarau a duba masa ido ko ba shi da ciwo, cutar ba ta kai tamu yawa ba, ba ta kuma kama mutane da ƙuruciya kamar yadda take yi a nan. Abin da za mu ɗauka daga gare su shi ne taka-tsantsan da lissafi.

5.0 Lissafin da ake tsallakewa

Ga misali na lissafi kawai. A ce an tara mutum 10,000 masu shekara 40 zuwa sama a wata ƙaramar hukuma. Bisa kashi 5 cikin 100, masu cuta 500 ne. A ce tsarinmu yana kamo 80 cikin kowane 100 masu cuta, yana kuma wanke 90 cikin kowane 100 masu lafiya, wanda ya fi abin da aka samu a Muranga nesa. Za a kamo masu cuta 400, a rasa 100. A cikin masu lafiya 9,500 kuwa, za a tuhumi 950 a banza. Jimillar waɗanda za a ce su tafi birni 1,350 ne, kuma a cikin kowane mutum goma, bakwai lafiyarsu ƙalau. Ba a ma sa waɗanda hotonsu bai fita ba.

Kowane ɗaya daga cikin 950 ɗin nan zai biya kuɗin mota, shi da ɗan rakiya, ya bar gona ko kasuwa, ya kwana da tunanin makanta. Zai kuma tsaya a layi gaban wanda cutar ke ci da gaske. Idan ya koma gida ya ce wahalar banza aka ba shi, shekara mai zuwa ko an yi shela a masallaci ba wanda zai fito.

Maganin wannan shi ne a rage faɗin taru. Binciken Rotadam na ƙasar Holan ya nuna a 1998 cewa 'yan'uwan jini na mai gilakoma, wato 'ya'yansa da waɗanda suke ciki ɗaya, haɗarin kamuwarsu ya ninka na sauran jama'a kusan sau tara. Idan a cikin taron da ake dubawa mutum ɗaya cikin biyar ne mai cuta, da wannan kyamara da wannan ma'aikaci, kashi biyu cikin uku na waɗanda za a tura masu cuta ne na gaske. Na'urar ba ta canja ba, mutanen da aka sa a gabanta ne suka canja. A nan tsarin zamanmu ya taimake mu. Gidan Bahaushe babba ne, 'yan'uwa suna zaune kusa da juna, kuma duk makahon da ya zo asibiti da ɗan jagora yake zuwa, wanda sau da yawa ɗansa ne ko ƙanensa. Wannan ɗan rakiya da ke zaune a benci yana jira, shi ne mutum na farko da ya kamata a ɗauki hoton idonsa.

Bayan dangi sai masu ciwon suga, waɗanda dama ana buƙatar hoton bayan idonsu duk shekara, hoto ɗaya ya yi aiki biyu. Sai masu ɗiga maganin ido mai sitiroyid da suka saya a kemis ba da izinin likita ba, da kuma waɗanda masu maganin gargajiya suka tura musu yanar ido ciki da tsinke, al'adar da binciken ƙasa ya nuna tana cikin abubuwan da ke jawo hawan matsi daga baya.

6.0 Ƙirƙirarriyar basira

Ba a taron lafiyar ido yanzu ba a ambaci ƙirƙirarriyar basira ba, don haka zan taɓa ta a gurguje. A 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da manhajar IDx-DR ta yanke hukunci da kanta kan illar ciwon suga a ido. A shekarar ce kuma masana a Guwanju ta Sin suka tattara hotuna fiye da 48,000 don horar da wata manhaja da gwada ta, ta kuma yi ƙoƙari sosai wajen gane jijiyar da gilakoma ta taɓa. To amma nasarar ɗakin gwaji dabam, ta asibitin karkara dabam. Lokacin da Google ya kai tasa manhajar ta ciwon suga ƙananan asibitocin Tailan, ta ƙi karɓar kusan kashi 21 cikin 100 na hotunan saboda ƙarancin inganci, jinkirin intanet kuma ya riƙa tsayar da layi. Gilakoma ta fi ciwon suga wuyar ganewa a hoto, har ƙwararru kan saɓa a kan faifai guda. Duk manhajar da za a kawo mana, a fara gwada ta a kan idanun mutanenmu, da kyamarar da za a yi aikin da ita, a hannun ma'aikacin da zai riƙe ta. Hotunan kuma bayanan lafiyar mutane ne, Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta shafe su. Tura su a zauren WhatsApp da sunan mai su a jiki, kamar yadda aka fara sabawa, bai dace ba.

7.0 Bayan an ɗauki hoto

Tun 1968 Wilson da Jungner suka rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya sharuɗɗan tantance cuta, daga ciki har da cewa dole a samu maganin da aka yarda da shi da wurin yin sa. A nan ne tsarinmu ya fi rauni, a nan ne kuma masu ba da tallafi ba su cika son zuba kuɗi ba, domin kyamara tana fitowa a hoton bikin ƙaddamarwa, kuɗin motar marar lafiya ba ya fitowa.

Matakin farko shi ne mutum ya isa asibiti. A gundumar Tarans Nzoya ta Kenya, Hillary Rono da abokansa sun gwada tsarin Peek a makarantu, inda ake aika wa iyaye saƙon tunatarwa ta waya. Yaran da suka je asibiti sun kai kashi 54 cikin 100, a tsohon tsari kuwa kashi 22. Binciken kan yara ne, ba kan gilakoma ba, amma ya nuna wayar da ke ɗaukar hoto ita ce kuma za ta iya bin sawun mutum. A wurinmu saƙon murya da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci zai fi rubutu tasiri, kuma inda matar aure ce, sai an sa maigida cikin zancen.

Mataki na biyu shi ne magani. Maganin ɗigawa na har abada ne, ga tsada, ga jabu a kasuwa, wani nau'in ma yana son sanyi kafin a buɗe shi. Mutum ba ya jin sauƙi idan ya ɗiga, ba ya jin ciwo idan ya bari, saboda haka kwalbar farko na ƙarewa sai ya daina. Da azumi ma wasu kan ajiye shi, alhali mai sau biyu a rana ana iya mayar da shi lokacin sahur da buɗa-baki. Aikin tiyata yana sauke matsi sosai, amma a binciken Bauchi 'yan ƙalilan ne suka amince da shi, waɗanda suka dawo aka yi musu kuma sun fi haka ƙaranci. Ba abin mamaki ba ne: an ce wa mutum za a yanka idon da yake gani da shi, kuma ganinsa ba zai ƙaru ba.

Hasken leza ya buɗe wata ƙofa. A Moshi ta Tanzaniya, Heiko Philippin da abokansa sun kwatanta harba leza a matatar ido da ɗiga maganin timolol a kan marasa lafiya 201, akasarinsu cutar ta yi nisa. Sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna bayan shekara guda leza ta yi nasara a kashi 61 cikin 100 na idanu, maganin ɗigawa a kashi 31. Aiki ne na mintuna, ba yanka, ba kwanciya. Ga mutumin da ya taho daga nesa, wanda ba a da tabbacin zai dawo, wannan ya fi takardar sayen magani.

8.0 Abin da takardar ke nema

Idan jiha tana da kuɗin sayen kyamara ashirin, ra'ayina shi ne ta sayi goma, ta sa ragowar a na'urar leza, da horar da nas-nas ɗin ido, da albashin mutum guda wanda ba shi da aiki sai kiran waɗanda aka tura ba su zo ba. A ajiye kyamarorin a manyan asibitocin ƙananan hukumomi da ɗakunan duba masu ciwon suga, da sola da ma'aunin matsi na hannu wanda ba ya buƙatar maganin kashe zafi. A tara hotuna a tura lokacin da layi ya samu, tunda ba dole ne likita ya gani nan take ba, amma a ƙayyade kwanakin da amsa za ta dawo. Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitocin koyarwa su ne suka dace da karanta hotunan da kuma horar da masu karantawa.

Ga 'yan'uwana masu bincike kuma, ina roƙon mu canja abin da muke ƙirgawa. Rahotanninmu sun cika da adadin mutanen da aka duba. A riƙa gaya mana nawa ne cikin waɗanda aka tura suka isa asibiti, nawa aka tabbatar da cutar a jikinsu, nawa ne kuma matsin idonsu ke ƙasa bayan shekara biyu. Kafin a kai ga wannan, akwai abin da kowane ɗakin duba ido zai iya farawa a makon nan ba tare da jiran kasafin kuɗi ba: duk wanda aka samu da gilakoma, a duba idon ɗan rakiyarsa kafin su fita, a kuma ba shi takardar gayyatar 'yan'uwansa.